An Ce Madina Ta Saci Aikinta

Ranar Talata ce, ranar awon ciki. Mata sun cika benci har wasu sun baje a ƙasa, Madina kuma tana ta faman ɗaura wa hannuwa ma'aunin hawan jini, wayarta ta shiga ruri a aljihun farar rigarta. Sai a kira na uku ta miƙa wa abokiyar aikinta ma'aunin, ta zaga bayan ɗakin magani. Dakta Mansura ce, malamar da ke duba kundin digirinta na biyu a wata jami'a da ke wajen jihar.

"Madina, kina inda za ki iya magana?"

"Ina ji, Dakta. Lafiya dai ko?"

"Da sauƙi. An saka kundinki a manhajar da ke gano satar rubutu. Kashi saba'in da takwas cikin ɗari na abin da kika rubuta ya yi daidai da wata maƙala da ta fito a wata mujallar likitanci wata huɗu da suka wuce. Kalma da kalma, har tsarin jadawalin."

Madina ta yi dariya, don ta ɗauka kuskure ne. "Dakta, ai ba wanda ya taɓa yin wannan binciken a Tsafe da Bungudu sai ni."

"Na sani. Shi ya sa na kira ki kafin takarda ta iso miki. Na tura miki maƙalar yanzu. Ki fara duba sunayen da ke sama."

Ta buɗe. Taken nata ne, an dai sauya kalma biyu. A ƙarƙashinsa suna uku suka jeru. Na farko Dakta Uwaisu Ibrahim, mijinta, uban 'ya'yanta biyu. Na biyu Abdulƙadir Ibrahim, yayansa, jami'in mulki a wani ofishin lafiya, wanda bai taɓa riƙe ma'aunin jini ba tun da aka haife shi. Na uku Farfesa Mas'udu, shugaban sashen da Uwaisu ke aiki. Ta ja shafin har ƙasa, wajen da ake godiya. An gode wa "ma'aikatan lafiya na karkara". Ko a nan ɗin babu sunanta.

Ta jingina da bango. Shekara ɗaya da wata biyu ta yi tana bin ƙauyukan Tsafe da Bungudu, da Wanke da Mada, tana koya wa ungozomomin gargajiya auna jinin masu ciki a gida, don a ga ko hakan zai sa a riƙa kai mace asibiti kafin jijjiga ta kama ta. Mata ɗari huɗu da goma sha biyu ta bi, kowacce sai da ta zauna da ita a tabarma, ta yi mata bayani, ta nemi yardar mijinta, sannan ta dangwala yatsa. Akwai ranar da 'yan bindiga suka tare hanya, ita da mai mashin ɗin da ya ɗauko ta suka kwanta cikin gonar dawa tun hantsi har la'asar, jakar takardun tana ƙarƙashin cikinta.

Ta koma ta karanta tsakiyar maƙalar. Mata ɗari huɗu da goma sha biyu sun zama ɗari takwas da ashirin da huɗu. An ninka su ne kawai. Mata tara da suka rasu a lokacin binciken, saboda an gano ciwon amma babu hanyar da za a bi a kai su asibiti, an share su. Maƙalar cewa ta yi ba a rasa mace ko ɗaya ba.

Da ta koma gida ta samu Uwaisu a falo yana cin abincin rana, tuwon shinkafa da miyar kuka da ta dafa kafin ta fita. Ta ajiye wayar kusa da kwanonsa. Ya duba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

"Au, kin gani? Da ma ina son in gaya miki, aiki ne ya yi min yawa."

"Abban Fatimatu, wannan aikina ne."

"Wa ya ce ba naki ba ne? Naki nawa ne, nawa naki ne. In an yi min ƙarin girma, wa zai ci moriyarsa? Ba ke da yaran nan ba?"

"To ina sunana?"

Ya wanke hannu a tsanake, ya goge da tawul. "Madina, ba ki san yadda harkar nan take ba. Irin waɗannan mujallun in suka ga sunan ungozoma a sama, ko karantawa ba za su yi ba. Sunan Farfesa shi ke buɗe ƙofa. Yaya kuma yana neman kujerar darakta, ana buƙatar ya nuna wani rubutu. Zumunci ne. Kuma kar ki manta ni na samo miki takardar izinin shiga asibitocin nan, ni na riƙa gyara miki Turanci."

"Shafi uku ka gyara. Sauran cewa ka yi barci kake ji."

"Kin ga, kar ki ɗaga min murya."

"Matan da suka rasu fa? Ina ka kai su?"

"Masu tantancewa ba sa son irin wannan. Mutum tara sun ɓata sakamakon gaba ɗaya. Kuma ai ba shirin ne ya kashe su ba, hanya ce. Cire su bai rage komai ba."

"Hanyar ita ce abin da na gano! In hukuma ta karanta naka, za ta ce a raba ma'auni kawai, magana ta ƙare. Ba wanda zai tuna da motar ɗaukar mara lafiya. Uwani ta rugar bayan Tsafe a kan amalanke ta cika, ina riƙe da kanta. Ita ce kake cewa cire ta bai rage komai ba?"

Ya miƙe, ya ɗauki makullin motarsa. "Kin faye son ɗaukar abu da zafi. Ki bari zan yi wa malamarki magana."

Bai yi wa malamar magana ba. Bayan kwana biyu takardar jami'a ta iso: ana tuhumar Madina Isah da satar rubutu da kuma sauya alƙaluma, tunda lambobinta sun saɓa da na maƙalar da ta riga kundinta fitowa. Za ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa nan da mako uku. Ta sake kiran Dakta Mansura.

"Ina da babi-babin da kika riƙa turo min tun bara, da kwanan watansu," in ji malamar. "Zan ajiye su gaban kwamiti. Amma ki fahimce ni, Madina. Shi mijinki zai iya cewa aikinsa ne, ke kika riƙa ɗiba daga kwamfutarsa kina turo min. Gida ɗaya kuke. Ba wanda zai iya raba wannan sai ke. Ko dai ki faɗa da bakinki, a rubuce, cewa shi ya ɗauki aikinki ba da saninki ba kuma ya taɓa alƙaluman, ko kuma ki amsa laifin a kore ki. Ba zan iya faɗa a madadinki ba."

"In na faɗa, me zai same shi?"

"Jami'a za ta rubuta wa mujallar da wurin aikinsa. Za a iya janye maƙalar."

Washegari da ta dawo daga aiki ta tarar babu kwamfutarta a kan teburi. Kwalayen nan biyu da ta tara takardun yardar mata da littattafan awo a ciki, su ma sun ɓace daga saman wadrob. Da ta tambaya, Uwaisu ya ce ya kai su ofis don kar yara su ɓata.

"Shekara guda suna nan yara ba su taɓa su ba."

"To yanzu na ga dama na adana su. Gidana ne ko naki?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce ta shirya, Hajiya na son ganinsu. Hajiya Inno, mahaifiyarsa, tana zaune a kan dardumarta a tsakar gidan iyali da ke cikin garin Gusau, carbi a hannu. Yaya Abdulƙadir yana kan kujerar roba, babbar rigarsa ta sha sitaci, ambulan a kan cinyarsa. Madina ta durƙusa ta gaida su. Hajiya ta amsa da ƙyar.

Abdulƙadir ne ya fara. Ya yi salati, ya yi dogon bayani a kan rufin asiri, sannan ya zaro takarda daga ambulan ɗin.

"Madina, abu ne mai sauƙi. Mun rubuta miki shi ma, sa hannu kawai za ki yi. Za ki ce ke mai tattara bayanai ce a binciken mijinki, kin yi amfani da wani ɓangare na aikinsa a kundinki cikin rashin sanin ƙa'ida, kuma bambancin lambobi kuskurenki ne. Ki ba su haƙuri. Iyaka su ce ki sake wani aikin."

"Yaya, kora ce. An gaya min."

"To in ma korar ce fa? Kina da aikinki na gwamnati. Shi kuwa in aka taɓa sunansa, likita ne, an gama da shi. Ni ma kin ga sunana na ciki. Wallahi ban ma san me aka rubuta ba, ƙanena ne ya karrama ni. Yanzu saboda karramawa sai a ja ni a ƙasa?"

"Yaya, in ba ka san me aka rubuta ba, ai bai kamata sunanka ya hau kai ba. Ƙa'idar ke nan. Wanda ya tsara aikin, ya yi shi, ya rubuta, kuma zai iya kare shi, shi ake sawa."

Hajiya Inno ta ajiye carbi. "Ke! Wa kike karanta wa ƙa'ida? Yayan mijinki? Ashe abin da boko ya koya miki ke nan. Mi za ki yi da suna cikin takardar Turawa? Sunanki zai dafa miki tuwo? Mu da munka zauna da mazanmu shekara arba'in, gona munka yi musu, awaki munka kiwata musu, wa ya taɓa jin mun ce a rubuta sunanmu jikin buhu? Wanga abu duka son a sani ne."

"Hajiya, ba sunan ne kaɗai ba. An ce mata tara ba su mutu ba, alhali sun mutu."

"Allah ya jiƙansu. In kin rubuta sun mutu, tashi za su yi? Kwanansu ne ya ƙare. Ke dai ki rufa wa ɗana asiri yadda ya rufa miki. Ya bar ki kin yi aiki, ya bar ki kin yi karatu, ya bar ki kina yawon ƙauyuka kamar marar mafaɗi. Wane namiji zai yarda da wannan? Sakayyar ke nan?"

Uwaisu yana ta latsa waya. Abdulƙadir ya miƙo biro. Madina ta dubi biron, ta dubi mijinta, ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani.

"Tunani," in ji Hajiya. "Ku ji min. Sai ta yi tunani kahin ta ceci uban ɗiyanta."

Daga ranar gidan ya sauya. Uwaisu ya daina cin abincinta. Daga gidan Hajiya ake kawo masa a kula, ya ci a gabanta, nata ya huce a kan teburi. In ta gaishe shi sai ya dubi bango. Takardar kuwa kullum tana nan a kan firij, biro a kanta. In ta ɗauke ta ta sa a durowa, da safe sai ta sake ganin ta a wurin.

Ranar Litinin ya ce Fatimatu, 'yarsu mai shekara bakwai, za ta koma wajen Hajiya na ɗan lokaci, don makarantarta ta fi kusa da can. Madina ta ce ai shekara biyu ke nan ita ke kai ta. Ya ce ba shawararta ya nema ba. Yarinyar tana kuka aka sa jakarta a mota. Ya bar mata ƙaramin, Bashar, don bai daɗe da yaye ba.

A wurin aiki ma magana ta riga ta isa. Ba ta san wa ya kai ba, amma ta san yadda aka kai ta: wai matar Dakta Uwaisu an kama ta ta kwafi binciken mijinta. Tana shiga ɗakin ma'aikata hira ke mutuwa. Wata tsohuwar nas ta ja ta gefe ta ce, "Ƙanwata, da kin tambaye shi ai da ya taimaka miki, ba sai kin ɗauka a ɓoye ba." Madina ta wuce ta koma bakin aikinta. Abinci ya daina shiga. Zoben hannunta ya fara zamewa. Rannan ta auna jinin wata mai ciki sau uku tana manta lambar, har matar ta ce, "Malama, ko ke ce za a auna?"

Ranar Asabar ta goya Bashar ta shiga motar Bungudu, wajen mahaifinta. Malam Isah tsohon malamin firamare ne, shi ya tsaya kai da fata sai da ta yi makarantar ungozoma lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Ta same shi a zaure yana gyara rediyo. Tun kafin ta zauna ta gane an riga ta.

"Abdulƙadir ya zo shekaranjiya," in ji shi. "Da mutum biyu."

Ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara, kansa a sunkuye.

"Na yarda da ke, Madina. Na san ɗiyata ba ta sata. Amma ki duba. Mutanen nan manya ne a Gusau. Ƙanenki na neman aiki, takardunsa suna ofishin Abdulƙadir. Ga yara biyu. Digiri ana sake yi, amma gida in ya watse..."

"Baba, kana nufin in sa hannu?"

"Ina nufin ki yi haƙuri."

"Baba, kai ka koya min in rubuta abin da na gani. In na sa hannu, na ce ni ɓarauniya ce. Wannan zan iya ɗauka, ko da zafi. Amma kuma na shaida cewa matan nan tara suna raye. Biyu daga cikinsu 'yan nan Bungudu ne. Ka yi wa ɗaya salla. In ka ce in sa, ka faɗa min da bakinka, zan sa."

Malam Isah ya daɗe yana juya sukudireba a hannunsa. Bai ce ta sa ba. Bai kuma ce kar ta sa ba. Da za ta tafi ya rako ta har bakin titi, ya shafa kan Bashar, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya juya da sauri.

Ranar da za ta tafi jami'a, da sassafe, ta fito da ƙaramar jaka, yaro a baya. Uwaisu yana tsaye a ƙofar falo da jallabiya, takardar a hannunsa.

"Ina za ki?"

"Ka sani."

"Kin sa hannu?"

"Ban sa ba."

"To ban ba ki izinin fita ba."

"Abban Fatimatu, akwai hanya har yanzu. Ka rubuta wa mujallar da kanka, ka ce an yi kuskure, a gyara sunaye a gyara alƙaluma. Dakta Mansura ta ce in kai ka fara kai kanka, abin zai zo da sauƙi. Ni ko a ƙarshe aka sa sunana na yarda, in dai an mayar da matan nan."

"In kai kaina? In ce wa duniya matata ce ta rubuta min? Farfesa ya dube ni da wane ido?" Muryarsa ta yi sama. "Ke wace ce? Ungozoma! Ba don ni ba wa ya san ki? Wallahi in kika taka ƙofar nan, a bakin aurenki."

Bashar ya firgita ya fara kuka. Madina ta jijjiga shi, ta gyara goyon. Ta ce, "Allah ya gani ban so haka ba." Ta raɓa ta gefensa ta wuce. Bai riƙe ta ba. Tana jin sa yana faɗa wa bayanta cewa za ta dawo tana roƙo.

Kwamitin mutum biyar ne. Wata ɗaliba ta riƙe mata yaron a baranda. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gilashi, ya karanta tuhumar, ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce aikin nata ne, mijinta ya ɗauka daga kwamfutarta ba da saninta ba, ya ninka adadin matan, ya cire waɗanda suka rasu. Da ta kai kalmar "mijina" sai da ta tsaya ta sha ruwa.

"Ina takardun asali?" wani ya tambaya.

"Ya kwashe."

"To da me za mu gaskata ki?"

Dakta Mansura ta ajiye babi-babin da aka turo mata da kwanan watansu. Mutumin ya ce wannan bai isa ba. Sai Madina ta ce su buɗe jadawali na huɗu a maƙalar, su raba kowace lamba biyu, su gwada da nata. Suka raba. Kowane layi ya faɗa daidai, ban da layin mace-mace. Ta ce su aika asibitocin Tsafe da Bungudu su tambayi wa aka sani da wannan aikin, su kuma kira kowanne daga cikin masu suna uku su tambaye shi sunan ungozoma ɗaya da aka koya wa awo. Sannan ta lissafa matan tara, kowacce da ƙauyenta da watan da ta rasu da abin da ya hana a kai ta asibiti. Ba ta duba takarda ba. Dattijon ya cire gilashinsa ya ce ta rubuta duk abin da ta faɗa, ta sa hannu.

Tana cikin motar dawowa, kafin su kai Tsafe, saƙo ya shigo wayarta. Hoton takarda ce da rubutun hannun Uwaisu, layi biyu. Saki ɗaya. A ƙasa ya ƙara da cewa an kai kayanta Bungudu.

Jami'a ta wanke ta bayan wata biyu, amma ta riƙe digirin sai mujallar ta yanke hukunci. Mujallar ta ɗauki wata goma sha ɗaya. Da ta janye maƙalar, sanarwar layi huɗu ce a wani lungu na shafinta, ta ce an samu "matsala a alƙaluma da jerin marubuta". Ba ta ambaci Madina ba. Sai a lokacin jami'a ta saki digirin. Farfesa Mas'udu ya rubuta cewa shi bai taɓa ganin maƙalar ba, an sa sunansa ne ba da izininsa ba, ko da yake tana cikin jerin ayyukan da ya miƙa wa hukumar asibiti tun watan da ta fito. Abdulƙadir ya riga ya hau kujerar darakta, ba wanda ya ce ya sauka. Uwaisu ya samu takardar gargaɗi, aka jinkirta ƙarin girmansa da shekara ɗaya, sannan aka ba shi. Ita kuwa Madina, ana cikin haka takardar canjin wurin aiki ta same ta, zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani a can cikin ƙauyukan Bungudu, inda ma'aikata ke gudu saboda hanya. Ƙanenta bai samu aikin ba, ya daina yi mata magana.

Sau ɗaya a wata ake barin ta ta ga Fatimatu. Takan zo Gusau ranar Asabar, a bar ta a zauren gidan Hajiya Inno kamar mai talla, sai an ga dama a turo yarinyar. A zuwanta na bayan nan ta fi awa guda a kan dakali, Bashar yana wasa da takalminta. Mata suna shiga suna fita, wasu su amsa sallamarta, wasu su ɗauke kai. Da Fatimatu ta fito ba ta rugo ta rungume ta ba kamar da. Ta tsaya nesa kaɗan, tana murɗa bakin hijabinta.

"Zo mana, uwata. Ga ƙuli-ƙuli na kawo miki."

Yarinyar ta matso, ta karɓa, ba ta ci ba.

"Umma, da gaske ke kika kai Abba ƙara?"

"Wa ya gaya miki?"

"Hajiya. Ta ce kin so a kore shi daga aiki. Ta ce kin fi son takarda da mu."

Madina ta jawo ta jikinta. Akwai amsa cike da bakinta, amma ta dubi fuskar yarinya 'yar shekara takwas da za ta koma ta kwana a cikin gidan nan, ta haɗiye mafi yawanta.

"Ban fi son komai da ku ba. An ce in faɗi abin da ba haka yake ba, na ƙi. Shi ke nan abin da na yi. In kin girma zan ba ki ki karanta da kanki."

"To yaushe za ki dawo gida?"

Kafin ta amsa, aka ƙwala wa Fatimatu kira daga ciki, wai lokacin Islamiyya ya yi. Yarinyar ta zame ta shige. Madina ta goya Bashar, ta kama hanyar tasha tun rana ba ta yi sanyi ba, don motar ƙauyensu ba ta kai la'asar.

Maƙalar da aka janye har yanzu tana yawo a wayoyin mutane, kuma an ji wani jami'i ya kafa hujja da ita a wani taro, yana cewa bincike ya nuna ma'auni kaɗai ya wadatar. Kundin Madina, mai ɗauke da matan tara, yana kan kanta a ɗakin karatun jami'a, mutum uku suka taɓa aron sa. A Gusau kuwa, in maganar ta taso a gidan biki ko a ɗakin ma'aikata, ba ka jin an ce Dakta Uwaisu ya saci aikin matarsa. Abin da ake cewa shi ne, Madina ta tona wa mijinta asiri.